Batchoy da Hannun Lolo Pedro

Iloilo, 14 ga Janairu, 1996

Zuwa ga yayana Manong Nicanor,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya a duk tashar da jirginku ya tsaya, kuma ƙafar nan taka ta daina kumburi saboda tsayuwar kicin. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tarin da alli ke sa ni. Innarmu Tiya Saling tana gaishe ka. Hawan jininta ya sauka, bakinta ne dai bai sauka ba.

To, sai maganar ɗanka. Har yau ban san laifin da na yi maka ba, da za ka zo hutun wata biyu, ka tsinto kwikwiyo a bakin kasuwar kifi, ka raɗa masa sunan miyar taliya, sannan ka haye jirgi ka bar ni da shi. Batchoy yana nan, ya ninka yadda ka bar shi. Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, kuma ba alamar za su daidaita.

Kejin da ka ƙera masa kuwa, kwana uku na bi umarninka. In zan tafi makaranta in saka shi in rufe. Rana ta huɗu maƙwabciyarmu ta tare ni a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Malama Femia, in yanka shi za ki yi, ki yanka shi mu huta. Tun ƙarfe bakwai yake kuka har ƙararrawar sha biyu. Jikata ta tambaye ni wa ya mutu a gidanku."

Kunya ta kama ni. Kuma gaskiya ni ma in na waiwaya na ga hancinsa a tsakanin waya, abincin rana ba ya shiga. Sai na koma barinsa a falo in kulle ƙofar waje.

Ga abin da na samu. Ya cinye silifas ɗina, ƙafar hagu. Na sayo wasu har sau biyu, duk na hagu ya sake ci. Yanzu na dama uku gare ni, in ka san mai ƙafar dama uku ka turo shi. Ya gaigaye ƙafar kujerar saƙa, ya yi wa tsintsiya aski, mariƙin lemata ma bai tsira ba. Abin haushin, in na dawo sai ya tarye ni da rawa, jela kamar za ta tsinke, ga gutsuren roba manne a gemunsa. Na ce masa, "Kai ɗan banza, wa ya aike ka?" Sai ya kwanta ya miƙo min ciki in sosa. Na sosa, amma ba don na huce ba.

Lolo Pedro na nan lafiya cikin kabad ɗinsa. Yaran ajina sun tambaye ni wai da gaske ne muna kulle kakanmu a kabad. Na ce da gaske ne, amma na katako ne, waliyyi Pedro mai riƙe da makullan sama, kuma sau ɗaya a shekara yake fita, ranar Juma'a Mai Kyau ta gab da Ista, a zagaya gari da shi. Wata ta ce ashe shi ma keji gare shi.

Ka rubuto. Ka riƙa sa safa, an ce can sanyi ne.

Ƙanwarka,
Eufemia

Pusan, 6 ga Fabrairu, 1996

Inday Femia,

Na gode da gaisuwa, ina amsawa. Lafiyata lau, ƙafa ta sace, sanyi ne dai kamar zai cire wa mutum kunne. Baki ashirin da biyu nake ciyarwa, kuma kowanne gani yake uwarsa ta fi ni iya girki. Ki gaida Tiya Saling, ki ce na ce ta rage gishiri.

Na karanta wa abokan aiki labarin silifas, har mai kula da injinmu ya ƙware da shayi. Shi karnuka huɗu gare shi a Cebu, to ga abin da ya ce. Ba mugunta ba ce. Yaron famfara yake yi, dasashi na masa ƙaiƙayi, ga kuma kaɗaici. Kin fita, gida ya yi tsit, shi bai san za ki dawo ba, sai ya nemi abin da ke da ƙamshinki ya sa a baki. Wato cin silifas ɗin nan yabo ne, Inday ƙanwata, ki karɓa da hannu biyu.

Ki tashi da wuri ki zagaya da shi bakin rafi har ya gaji. Ki riƙa ba shi abinci a cikin kejin, ƙofa a buɗe, don ya san nan ne ɗakinsa. Ki sa masa tsohuwar rigarki a ciki, da ɓawon kwakwa, ko ƙashin saniya daga wurin masu miya a kasuwa. Ki fara rufe shi na ɗan lokaci kina gida, kafin ki kai ga rabin yini. Zai yi kuka, ki toshe kunne. Keji ba kurkuku ba ne. Ɗakina a jirgin nan da kaɗan ya fi nasa, kuma barci nake har da minshari.

Na duba kalanda na ga azuminmu na kafin Ista ya matso. Wannan ne karo na farko da za ki shirya Lolo tun rasuwar mahaifiyarmu Nanay, kuma ni ina nan ina fere dankali a tsakiyar teku. Abin yana damuna. Kin dai san yadda take yi. In Larabar Toka, ranar fara azumin, ta wuce a fito da shi, a shanya alkyabbarsa, a taje gashin, a wanke zakaran da ke tsaye a ƙafarsa. Hannuwan kuma a ciro su daga akwatinsu a shafe su da man kwakwa sabon suya, don kada katakon ya tsage. Tun kakan Nanay da ya sa aka sassaƙa shi, daga gidanmu yake fita, bai taɓa fashi ba.

Tiya Saling za ta zo da shawarwari buhu-buhu. Kin san tun Nanay na da rai idonta ke kansa. Ki ce mata to, ki yi abin da kika sani.

Yayanki,
Nicanor

Iloilo, 24 ga Fabrairu, 1996

Manong,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafa ta sace. Nan zafi ya fara, mangwaro ya shigo kasuwa, na ci naka na ci nawa. Tarin ya tafi.

Ka gaida min mai injinku, ka ce na gode, amma ya zo ya gwada da kansa. Na bi shawararsa. Kullum da sassafe ga Malama Eufemia a bakin rafi, kare na jan ta kamar ita ce aka ɗaura wa igiya. Masu wanki har sun san lokacina, suna ajiye aiki su yi kallo. Rigar da na sa masa a keji, ya cinye ta ya bar min maɓallai. Ƙashin ne kawai ya yi aiki, shi ma na awa ɗaya. Yana shiga kejin da kansa ya ci abinci, har ya yi barci, amma da ya ji na ɗauki jaka sai ya fito ya tsaya a ƙofa yana kallona. Wani lokaci in daure in rufe shi. Sau da yawa ba na iyawa.

Ranar Talata ban iya ba. Takardun jarrabawar lissafi na aji huɗu na bari a kan kujera, talatin da takwas, na gama maki ban shigar ba. Na dawo na tarar da falo kamar an yi bikin aure an watse. Goma sha ɗaya sun tafi har abada. Ni da ban taɓa makara ba cikin shekara goma sha tara, ni ce tsaye gaban shugabar makaranta ina cewa kare ne ya cinye. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Malama, wannan uzurin ai na yara ne." Da na gaya wa ajin za a sake jarrabawa, waɗanda suka ci suka yi tsaki, waɗanda suka faɗi suka ce in gaishe shi.

Na gaji, Manong. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa cewa ina son kare ba. Da gidana tsaf, komai a inda na ajiye shi. Yanzu takalmana a kan firij suke kwana. Ka zo ka kwashi tsiyarka, ko ka gaya min inda zan aika maka da shi. Yanzu haka da nake rubutun nan yana kwance a kan ƙafafuna, sun yi sanyi sun mutu, kuma ban isa in motsa ba don kada ya farka.

Gobe bayan coci zan fito da Lolo.

Eufemia

Iloilo, 2 ga Maris, 1996

Manong Nicanor,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ni jikina lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ranar Lahadi na fito da Lolo, komai ya tafi daidai. Litinin da yamma na goga kwakwa uku, na tatse, na dafa har mai ya fito, ƙamshi ya cika gida. Talata da safe na shafe hannuwan biyu, yatsa bayan yatsa, yadda Nanay take yi, har ina jin muryarta tana cewa kar in manta tsakanin yatsu. Na shimfiɗa ganyen ayaba a kan ɗan gajeren teburin falo na jera su, don nan rana ke shigowa da safe, kuma nan take ajiye su shekara da shekaru. Ko kaɗan ban yi tunani ba. Hannuna ne kawai ya bi abin da ya saba gani. A zamanin Nanay ai babu kare a gidan.

Na makara. Na dubi keji, na dubi Batchoy, na ce rabin yini ne kawai.

Da na dawo ya tarye ni da rawarsa, baki na ƙyalli. Hannun hagu yana nan a kan tebur, an lashe shi tas amma ba rauni. Na dama, mai riƙe makullai, a ƙarƙashin kujera na same shi. Yatsu uku babu su. Babban yatsa duk sawun haƙori. Na zauna a ƙasa da kayan makaranta a jikina, na kasa ko kuka. Ban dake shi ba. Me zan doka? Ni na shafa wa katako mai na ajiye masa daidai hancinsa. Ya zo ya ɗora kansa a cinyata, duk yana ƙamshin kwakwa.

A haka Tiya Saling ta shigo da sabon leshin da ta ɗinka wa hannun rigar Lolo.

"Yesu, Maryamu da Yusufu! Femia, mene ne wannan a hannunki?"

"Hannun Lolo ne, Tiya."

"Na ga hannu! Ina yatsun?"

Na nuna mata Batchoy. Shi kuma uban 'yan neman suna ya kaɗa mata jela.

Ranar Alhamis ta tara dangi a falonmu, har da kawunmu Tiyo Berting daga gona. Ta ce Lolo ya wuce yaƙi, ya wuce ambaliya biyu da gobarar kasuwa, ko ƙwarzane bai yi ba, sai da aka bar shi a hannun mai ilimi. Ta ce gida ba yara, namiji yana teku, mace tana makaranta, waliyyi na zaune da kare. Ƙarshen maganar dai, ko kare ya bar gidan, ko Lolo ya koma gidanta bayan Ista. Ba wanda ya musa mata, don kowa ya ga hannun. Ni ma na amsa a gabansu cewa ɗaya zai tafi. Na dai ce sai na ji daga bakinka, tunda kai ne babba kuma kai ka kawo shi.

Na kai hannun wurin tsohon masassaƙin bayan coci. Ya juya shi ya juya, ya ce zai dasa sababbin yatsu kafin Lahadin Dabino, wato ana saura mako guda Ista. Ya tambaye ni girman ɓeran da ya yi wannan aiki.

Ka yafe min, Manong. Ka rubuto da wuri, ka gaya min abin da zan yi. Abin da ka ce shi zan bi.

Eufemia

(kati, babu kwanan wata)

Inday,

Gaisuwa a gurguje, lafiyata ƙalau, ina fata ke ma haka. Nan da awa biyu za mu tashi, wani ne zai jefa min wannan a gidan waya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kunya ta ishe ni. Ɓarnar ta yi yawa, kuma ba laifinki ba ne, ni na ɗora miki abin da ba ki nema ba. Ki kai shi gona wurin Tiyo Berting, can akwai fili, ba abin da zai lalata. Kada ki ji komai a ranki. Tafiyar nan doguwa ce, za ki daɗe ba ki ji ni ba.

Nicanor

Iloilo, 23 ga Maris, 1996

Manong,

Ina gaisuwa, Allah ya kai ku lafiya. Ni lafiya. An kusa rufe makaranta, muna ta shirin bikin yaye 'yan aji shida.

Katinka ya iso ranar Litinin. Na ga ko sunan Lolo ba ka iya rubutawa ba, na san ranka ya ɓaci ƙwarai, kuma kana da gaskiya. Na yi yadda ka ce. Ranar Laraba bayan an tashi na ɗauki babur mai ƙafa uku, ni da shi da kejinsa da kwanonsa. Duk hanya kansa a waje, kunnen nan na kwance yana ta fiffika, murna yake an fita yawo. Tiyo Berting ya karɓe shi hannu biyu, ya ce dama yana neman mai korar kaji daga shanyar shinkafa. Ya ɗaure shi a gindin mangwaro. Na ce masa ba ya cin ƙashin kifi, kuma yana tsoron tsawa. Tiyo ya ce, "Femia, kare ne fa, ba ɗan majalisa ba." Da babur ya juya ban waiwaya ba, amma na ji shi har muka hau titi.

Hannun ya dawo. Sai ka ƙura ido za ka ga inda aka dasa yatsun. Babban yatsan ne masassaƙin ya ce a bar shi da sawun haƙoran, in ya kankare zai sirance, leshi zai rufe. Tiya Saling ta zo ta duba, ta ce ba laifi, har ta kawo min dafaffiyar ayaba da sukari. Lolo zai fita daga gidanmu kamar kullum, hankalinka ya kwanta.

Gida ya koma tsaf. Na sauko da takalma daga kan firij. In na ajiye abu da safe, a nan nake tarar da shi da rana. Har yanzu ƙarfe biyar nake farkawa, sai in rasa abin yi, in zauna in jira gari ya waye. Jiya na dafa kifi biyu da mantuwa. Ban taɓa lura ba cewa tun rasuwar Nanay, in na dawo daga makaranta ba na buɗe baki sai washegari a aji. Wata huɗun nan ne kawai na yi ta surutu, ko da zagi ne.

Ba ƙorafi nake ba. Ka tambaye ni labari ne kullum, shi ne nake ba ka.

Eufemia

Iloilo, 8 ga Afrilu, 1996

Manong Nicanor,

Barka da Ista. Ina fata kun samu ko ƙwai ne a jirgi. Ni lafiya, kowa lafiya. Ban ji daga gare ka ba, ban kuma jira ba, shi ne abin da zan gaya maka.

Da farko, Lolo ya fita. Ranar Juma'a da la'asar aka turo karusarsa daga ƙofarmu, furanni har ba a ganin ƙafafun zakara. Jikokin Tiya su bakwai ne suka tura, ni ina gaba da kyandir a wurin da Nanay take tsayawa. Ya yi kyau, Manong, makullan na ƙyalli a sabon hannun. Mata suna ta miƙo hankici a goga musu a jikin alkyabbarsa. Na yi kuka kaɗan a kwanar kasuwa, inda takan ce a tsaya ta gyara masa gashi. Muka zagaya gari muka dawo, aka ci abinci, kowa ya watse. Na rufe ƙofa, daga ni sai shi a falo. Na ce masa, "Lolo, mun yi ƙoƙari." Ka san shi, ba ya amsawa.

Asabar da safe na tafi gona, wai in kai wa Tiyo ragowar abinci. Ya ce, "Karen nan naki ai mai hankali ne. Ba ya ɓarna, ba ya haushi. Abinci ma sai ya ga dama." Na same shi a gindin mangwaro, haƙarƙari a waje. Igiyar da aka ɗaure shi da ita ta kaba ce, wadda da a gida ne minti biyar ta yi yawa. Ko taɓa ta bai yi ba. Kwana goma sha bakwai bai tauna komai ba. Da ya gan ni bai yi rawa ba, ya tako a hankali ya cusa kansa tsakanin gwiwoyina ya tsaya a haka. Ni na kwance igiyar da hannuna.

Daga can gidan Tiya Saling na wuce, da shi a gefena.

"Me zan gani haka? Femia, ba mun gama maganar nan ba?"

"Mun gama, Tiya. Na ce ɗaya zai tafi. Ki turo yara ranar Litinin su ɗauki Lolo."

Ta ce, "Kare kika zaɓa a kan waliyyi?" Na ce waliyyin zai fi kowa ganewa. Sai ga hawaye a idonta. Ashe tun tana 'yar shekara takwas ita da Nanay suke taje masa gashi tare, kuma tun da ta yi aure ba a sake barinta ta taɓa shi ba sai dai ta kawo leshi. Kakanta ne ita ma, mu ne muka manta. Ta ce man kwakwar dai ni zan riƙa zuwa in shafa, don hannuna irin na Nanay ne. Sannan ta dubi Batchoy ta ce, "Kai kuma ɓarawo, ko a ƙofata kar in gan ka." Ta shiga ciki ta fito masa da kan kaza.

Ɗazu suka zo suka ɗauke shi, da kabad ɗin da komai. Wurin ya bar alama a bango. Ba zan ce ban ji zafi ba.

Na saɓa maka, kuma na fitar da abin da ya shekara kusan ɗari a gidanmu ba da izininka ba. In za ka yi faɗa ka yi, zan karanta har ƙarshe. Amma ga yadda na gani. Lolo wata goma sha ɗaya yake yi a kabad shi kaɗai, bai taɓa kuka ba. Wannan awa huɗu ba ya iyawa. Ni ma ashe ba na iyawa, ban dai taɓa tunanin tauna kujera ba ne.

Hutu ya zo, wata biyu ina gida. Mun fara darasin keji daga farko, minti goma-goma, ina zaune a gefe ina karanta jarida. Jiya ya kai rabin awa. Da na buɗe ya fita ya cinye min soson wanka.

Ƙanwarka,
Eufemia

Durban, 3 ga Mayu, 1996

Inday Femia,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Tiya Saling da Tiyo Berting. Lafiyata lau. Mun yi mako bakwai ba mu taka ƙasa ba, sai jiya aka hawo da buhun wasiƙu. Uku na samu naki a haɗe. A tsaye na karanta su a kicin, ɗaya bayan ɗaya, shinkafar mutum ashirin da biyu ta ƙone ƙurmus. Kyaftin ya ci burodi.

Inday, katin nan ba amsar maganar hannu ba ce. Lokacin da na rubuta shi ban san an taɓa Lolo ba. Wasiƙar takardun jarrabawa na samu, inda kika ce kin gaji in zo in kwashi tsiyata, ni kuma da wautata na ɗauka da gaske kike. Shekara arba'in da ɗaya na san ki, na manta cewa ke abin da kike so shi kike zagi. Ga shi a rubuce kin ƙi motsa ƙafa don kada ya farka, na karanta sau biyu ban gani ba. Da na zo wurin igiyar da bai tauna ba, sai da na fita waje na tsaya kallon ruwa. Ki ba shi haƙuri a madadina, da ƙashi mai ɓargo.

Maganar hannu kuwa, Allah ya yafe min, dariya na yi har na riƙe ciki. Man kwakwa sabon suya a kan gajeren tebur! Ni ma da ina gidan da sai na lasa.

Komawar Lolo gidan Tiya ta sosa min rai, ba zan ɓoye miki ba. Na saba in na rufe ido na tuno gida, in gan shi a kusurwar nan. Na kwana biyu ina juya abin. Amma can akwai yara bakwai masu tura karusa, mu kuwa daga ni sai ke, kuma gwiwoyinmu sun fara magana. Ko ba kare, wata rana can zai koma. Gara da kika miƙa shi da hannunki, ana dariya, da a zo a ɗauka bayan ba mu. Ba ni da faɗan da zan yi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A asibiti, kwana biyu kafin Nanay ta cika, kin fita neman ruwan zafi. Ta kama wuyan hannuna ta jawo ni kusa. Na ɗauka wasiyyar Lolo za ta yi, har na fara cewa kada ta damu, zai riƙa fita duk shekara. Ta ce in yi mata shiru. Ta ce, "Femia nake ji. Kada ka bar min ita ita kaɗai a gidan nan." Na ce to, Nanay, na yi alkawari.

Ana gama addu'ar kwana arba'in na hau jirgi. Wannan aikin kaɗai na iya, kin sani, a tudu ban san ta inda zan fara ba. Amma alkawarin bai bar ni na sake ba. Da na zo hutu na ga yadda kike cin abinci a tsaye a bakin murhu, ki wanke kwano ɗaya ki kife, sai na rasa inda zan sa kaina. Ba tsintar Batchoy na yi ba. Kwana huɗu na yi ina yawo gida-gida ina duba 'yan kwikwiyo, har na samu wanda ya fi kowa naci, wanda in an ture shi yake dawowa. Ni na kasa zama, shi ne na nemo wanda zai iya. Saura kaɗan kuma in kore shi da hannuna, da ba ki fi ni hankali ba.

Kwangilata za ta ƙare a watan Agusta. Rabona da zuwa kabarin Nanay tun ranar da aka binne ta, ko da na zo hutu kewaye hanyar na riƙa yi, don ban san me zan ce mata ba. Wannan karon ki shirya, mu uku za mu je.

Yayanki,
Nicanor